Na Goge Sunan Marigayi Abokina Daga Kaset ɗin Wasa, Mahaifiyarsa Ba Ta Sani Ba

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da dukan masu karatu, Musulmi da Kirista. Ina roƙon a sakaya sunana, kuma sunayen da zan ambata ba na ainihi ba ne. Don Allah kada a yanke mini hukunci kafin a kai ƙarshe, ko da yake ban tabbata ƙarshen zai wanke ni ba. Zan kuma faɗa tun yanzu cewa wasu abubuwan sun dushe a kaina. Akwai ranakun da nake jin na haɗa biyu sun zama ɗaya, akwai maganganun da ban san ko haka aka faɗe su ba ko ni na gyara su saboda yawan juya su a zuciya. Inda ban tabbata ba, zan ce ban tabbata ba.

Ni malamin sakandare ne a Kafanchan, lissafi nake koyarwa, shi na karanta a jami'a. Bitrus abokina ne tun muna ɗalibai a kwalejin ilimi ta Gidan Waya. Shi ɗan Fadan Kaje ne, Kirista, ni kuwa haifaffen cikin gari, Musulmi. A 1987 da gari ya rikice, shi ya kai ni gidansu na yi kusan mako guda. Mahaifiyarsa, wadda zan kira Mama don haka nake kiranta, ta ware mini sabuwar tukunya da cokali, ta ce kada wanda ya taɓa su. Da za ta yi mini miyar kaza sai da ta taka har rugar Fulani da ke bayan gonarsu aka yanka mata, don in ci da kwanciyar rai. Na kawo wannan ne don ku san wace ce na yi wa abin da na yi.

Bayan jami'a muka dawo muka sami aiki a makaranta ɗaya. Wajen 1996, ko farkon 97, wata Asabar sai ga Bitrus da kwali a bayan babur, yana dariya tun daga ƙofa. Ya ce, "Malam, zo ka ga abin da Bature ya jefar, mu muka tsinta." Akwatin wasa ne na talabijin, ya samo shi wurin wani mai gwanjo kusa da tashar jirgi, a cikin tarkacen tsofaffin rediyo, da kaset huɗu ko biyar. Shekarar da ke rubuce a jikinsu ta nuna sun girmi wasu ɗalibanmu na aji ɗaya. Wani malami da ya taso a Kaduna ya leƙa ya ce yaran can sun bar wannan tuntuni, na faifai suke yi yanzu. Mu dai sabo ne a wurinmu. A ɗakina muka ajiye shi, don layinmu ya fi nasu samun wuta. In an tashi daga makaranta, in wutar ta zo, sai mu zauna, manya da digiri, muna hura wa kaset iska a baki kamar masu hura murhu, don in ba a hura ba allon sai ya yi ta ƙyaftawa. Akwai na ƙwallo, 'yan wasan kamar tsinken ashana. Akwai wanda tubala ke zubowa daga sama kana jera su. Amma guda ɗaya ne ya kama mu: wani ɗan mutum da fitila da sanda, yana bin koguna, yana neman mabuɗan ƙofofi bakwai.

Dole in bayyana yadda wannan kaset ɗin yake, in ba haka ba ba za a gane laifina ba. Yana da ɗan batir a ciki, don haka yana riƙe inda mutum ya tsaya. Yana da gurbin suna uku. Kowa ya rubuta sunansa, ɗan mutuminsa ya zama nasa. A ƙarƙashin kowane suna akwai lamba, ita ce yawan faɗuwar da mutum ya yi, wato sau nawa aka kashe shi ya sake tashi. Bitrus ya rubuta nasa a sama, ni a tsakiya, na ƙasa muka bar wa baƙi. Ni mai tsoro ne ko a wasa, sai in tsaya a bakin kogo ina nazari. Shi kuwa faɗawa yake yi kawai. Yakan ce, "Kai Malam, tsoro zai kashe ka kafin dodo ya zo. Shiga mana!" In ce, "Fasto, bi a hankali." Ba fasto ba ne, na laƙaba masa ne saboda wa'azin da yake yi wa talabijin. In aka kashe mutuminsa sai ya daki cinyata ya ce, "Bar shi, zai tashi. Mu mun san tashin matattu." In ce mu ma mun sani, amma ba ma gaggawa. Da wannan faɗuwa da tashi ya wuce ni nesa. Ina ƙofa ta huɗu ya kai ta bakwai, da mabuɗinta a hannu.

Ranar Jumma'a ce, lokacin haƙar citta, zai tafi gida ya taya Mama. Ya tsayar da mutuminsa a gaban ƙofa ta bakwai, ya danne maɓallin da ake dannewa kafin a kashe, ya ce, "Kada ka taɓa mini mutum na. Litinin za mu buɗe shi tare, ka zo da tasbaha." Ran Lahadi da yamma yana dawowa babur ɗinsa ya haɗu da wata babbar mota. Ban ga gawar ba sai a akwati. Na je jana'iza, na tsaya a bayan majami'a, mata suna waƙa, ni ban yi kuka ba. Har yau ban yi ba. Ba taurin rai ba ne, ina jin. Kamar dai an rage murya ne a cikina, ba a sake ƙarawa ba.

Da dangi suka zauna rabon kayansa kamar yadda ake yi a wurinsu, kowa ya sami abin tunawa, wannan kwat, wancan agogo, wancan littattafai. Na kai akwatin wasan da hannuna don a sa a cikin rabo. Ba wanda ya san abin da zai yi da shi, gidan ba wuta. Sai na yi kuskuren cewa sunansa yana ciki. Mama ta ɗago kai ta ce, "Sunan shi yana ciki?" Na ce e, da inda ya tsaya. Ta ce, "To a bar shi wurin Malam. Shi ma ɗana ne. In na zo gari zan gan shi."

Ta kuwa riƙa zuwa. Duk wata tana shigowa asibiti saboda gwiwarta, daga nan sai ta biyo. In ba wuta ta jira, wani lokaci har La'asar. In ta zo in kunna, in hura kaset, sunan ya fito. Ba ta iya karatun boko ba amma ta san siffar sunansa. Sai ta tuɓe takalmi, ta zauna a tabarma dab da allon, ta ce, "Bitrus, ina gajiya?" Ta ba shi labarin gona, da wanda ya haihu, da akuyar da ta ɓata. Zuwanta na farko ta nuna lambar da yatsa ta ce, "Wannan fa?" Na ce yawan faɗuwar da ya yi ne ya sake tashi. Ta yi murmushi ta ce, "Haka ya ke tun yana rarrafe." Sai in shiga in nuna mata ɗan mutumin tsaye a bakin ƙofa da fitilarsa, in fito ban matsar da shi ko taku ɗaya ba. Kusan shekara guda muna haka.

To me ya same ni? Na sha tambayar kaina, kuma ina so in ce kewa ce, ko baƙin ciki, don ku ji tausayina. Amma ban tabbata ba, kuma na yi alkawarin ba zan faɗi abin da ban tabbata ba. Abin da na sani shi ne wata Asabar da hantsi wuta ta zo, ba ni da takardun da zan duba, na kunna da niyyar in ci gaba da nawa. Nawa yana ƙofa ta huɗu, nasa yana ta bakwai. Ina so in ga abin da ke bayanta. Shi ke nan. Na ce zan leƙa kawai in kashe ba tare da na ajiye ba, wa zai sani? Na shiga da sunansa, na buɗe. Wani ƙaton dodo ne a ciki, kuma da kayan da Bitrus ya tara bai ba ni wuya ba. Bayansa wani ɗaki mai haske, da kiɗa, da layi uku ko huɗu na Turanci ana godiya. Na zauna ina kallo kamar wawa. Ban san cewa in an gama, kaset ɗin da kansa yake ajiyewa ba. Kiɗan ya tsaya, sai ga ɗan mutumin an mayar da shi farkon hanya, ba fitila, ba sanda, ba mabuɗi ko ɗaya, an kuma sa wata 'yar tauraruwa a gefen sunan, alamar an gama. Na kashe na kunna ya fi sau goma. Na hura kaset har kaina ya yi jiri. Tauraruwar tana nan.

A nan ya kamata in hau mota in tafi Fadan Kaje in durƙusa. Na sani. Har na sa takalmi. Amma sai na zauna na yi lissafi, irin na matsorata: in na goge sunan gaba ɗaya na sake rubuta shi, na bi hanyar daga farko har ƙofa ta bakwai, tauraruwar za ta tafi, komai zai koma yadda yake. Akwai wurin gogewa. Ya tambaye ni da Turanci ko na tabbata. Wannan kam ba kuskure ba ne, ba leƙe ba ne, tambayata aka yi na amsa. Haruffan da ya rubuta da yatsunsa suka ɓace, na rubuta wasu irinsu da nawa.

Mako shida na yi, ko bakwai. Sau biyu Mama ta zo a tsakani, na tare ta a ƙofa na ce talabijin yana wurin mai gyara, alhali yana bayan labule na lulluɓe shi da zane. Ta ce, "Ba komai ɗana, ka gaishe shi." Ta bar mini doya ta tafi tana ɗingishi. Abin da ya fi ba ni kunya kuwa, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ku, shi ne na ji daɗin makonnin nan. Wasan yana da kyau. Waɗanda suka ƙera shi, ko suna raye ko sun mutu, sun san aikinsu. Akwai kogon da sai ka kashe fitila kake ganin hanya, da na gano haka har tafi na yi ni kaɗai a ɗaki. Wane irin mutum ne yake tafi a cikin irin wannan aiki?

Na isa ƙofa ta bakwai da faɗuwa ashirin da biyu kacal, don ni ba na faɗawa kamar shi. Sai lambar ta zama matsala. Tasa sittin da wani abu ce. Na gan ta sau ba adadi, amma ban taɓa karanta ta da niyyar riƙewa ba, ni da nake koyar da lissafi. Zuciyata ta tsaya a kan sittin da huɗu. Akwai wani rami kusa da ƙofar. Na riƙa tura ɗan mutumin ciki. Ya faɗa, allo ya yi duhu, wata 'yar ƙara ta fito, ya dawo, in sake kai shi bakin ramin in tura. Sau arba'in da biyu, ina yin ɗigo a bayan littafin darasi don kada in ɓata. Aka kira La'asar, na tashi na yi salla, na dawo na ci gaba daga talatin. Ina kallon sunan Bitrus a saman allon duk lokacin. Ban ji komai ba. Na tuna dai babban yatsana ya yi ciwo.

Da Mama ta dawo na kunna mata. Ta tuɓe takalmi ta zauna, ta buɗe baki za ta gaishe shi, sai ta fasa. Ta matsa kusa har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta ce, "Malam, ya ƙaru." Na ce me ya ƙaru, Mama? Ta ce, "Lamba. Da sittin da ɗaya ne. Lamban waƙan da mu ke yi a zumuntan mata kenan, duk ran da aka ɗaga shi a allo ina tuna Bitrus. Yanzu ya ƙaru da uku." Ashe lambobi ta san su sarai, daga allon waƙoƙi na majami'a. Ga dama ta biyu Allah Ya ba ni, a ɗakina, ba kowa sai ni da ita. Na ce, "Wataƙila batir ne, Mama." Ta juyo ta dube ni, ba da zargi ba, da na fi so da zargi ne. Ta ce, "Batir ya san ɗana?" Ta koma ga allon ta ɗora tafin hannunta a kai, ta ce, "Ashe ba ka huta ba. Kana nan kana buga ƙofa, kana faɗuwa. Sannu, Bitrus. Sannu." Ranar ba ta ba shi labarin gona ba.

Makon jiya ƙanwarsa Rifkatu ta same ni a makaranta. Ta ce, "Malam, Mama ya daina cin abinci ran Laraba da Jumma'a, wai azumi saboda Buroda Bitrus. Ya rame. Fasto ya zo har gida, ya ce wannan akwati ne kawai, wanda ya mutu cikin Ubangiji ya huta. Mama ya ce Fasto bai ga lamba ba." Ta ce nan da mako uku za a yi sujadar tunawa, wato taron addu'a irin nasu na Kirista, a ɗora dutse a kabarinsa. Mama ta sa an nemo aron janareto da talabijin. Bayan sujada za a zauna a tsakar gida, dangi da matan zumunta, in zo da akwatin in buɗe masa ƙofar a gabansu, ya shiga ya huta. Rifkatu ta ce, "Kai kaɗai Mama ya yarda ka taɓa. Ya ce kai ne ka riƙe amana duk wannan lokaci, ko taku ɗaya ba ka matsar da shi ba." Na ce to, Allah Ya kai mu. Da bakina na faɗa.

Yanzu ga inda nake. Ni kaɗai na san abin da ke bayan ƙofar nan. In na buɗe na bar wasan ya tafi yadda aka tsara shi, Mama za ta ga ɗakin haske na ɗan lokaci, sannan ta ga an jefo ɗanta farkon hanya hannu wofi, ko fitila babu. Me zai zama da ita bayan wannan? Zan iya kashe akwatin yana cikin hasken, in ce ya shiga, an gama, in ɓoye kaset ɗin har abada. Kuma don ku san irin mutumin da ke neman shawararku: na riga na ƙarasa nawa gurbin a makon nan don in auna tsawon kiɗan. Daƙiƙa arba'in ne da 'yan kai, na duba da agogo sau biyu. Sai da na rubuta a takarda na lura cewa ƙarya ta uku nake shiryawa, a gaban kabarinsa, a gaban matar da ta ware mini tukunya. Wataƙila za ta ci abinci bayan haka. Wataƙila wannan ya isa dalili, ban sani ba. In kuma na faɗa mata gaskiya, za ta san ɗanta bai faɗi ko sau ɗaya ba tun da aka rufe shi, ni ne na tura, kuma wannan shi ne abin da take bukatar ji. Amma a cikin numfashi guda za ta san cewa abin da take gaisarwa watannin nan ba nasa ba ne, nasa na goge, ba ya dawowa, kuma doyar da ta bari a ƙofata maƙaryaci ta bar wa. Tana da hawan jini. Ina da ikon ɗora mata wannan don in sauke nawa? Ko tsoron idonta ne nake kira tausayi? Na daɗe ban iya bambance su ba.

Abu na ƙarshe. Akwai malamai biyu ko uku da wani ɗan bautar ƙasa da suka zauna a ɗakin nan lokacin da Bitrus yake raye, gurbin ƙasa nasu ne. In ɗayanku ya karanta wannan zai gane ni, ban damu ba. In na kuskure a shekara, ko a wata magana tasa, ku aiko wa wannan shafi a gyara. In kuma akwai wanda ya riƙe lambar da ke ƙarƙashin sunansa, ya faɗa. Na san Mama ce ke da gaskiya, kusan na tabbata, amma ina so in ji daga wani bakin.

Akwatin yana nan a kwali a gefen gadona, na riga na ɗaure shi da igiya. Saura kwana goma sha biyu. Me zan yi?